Rinin Zare a Gida: Kun Tambaya, Mun Amsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina saƙar kwarashi. Na sayi farin zaren ulu a kasuwar Sabon Gari, na dafa shi da ɓawon albasa don ya yi ruwan ɗorawa, amma ina ɗaurayewa sai ya koma fari fat. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Tudun Wada

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Albasa ba ta da laifi, zaren ne. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwa na roba ne, shi kuwa ko ya kwana a tukunya ba zai sha rinin ganye ba. Kafin ki sayi da yawa, ki tsinki ɗan guntu ki ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulun gaske warin ƙonannen gashi yake yi. Na roba narkewa yake ya dunƙule baƙi, ya yi tauri. Ki nemi zaren auduga, ko abawa in kin samu.

Ita ma audugar ba a jefa ta a rini haka nan, don tana da maiƙo da ke hana ruwa shiga. Ki warware zaren ki naɗa shi a bayan kujera ya zama zobe, ki ɗaure wuri huɗu sako-sako. In kika matse ɗaurin, nan zai fito fari. Sai ki dafa shi awa 1 da ɗan sabulu da kanwa cokali ɗaya. Za ki ga ruwan ya yi ja-ja, dattin ke nan.

Saura abin da ke riƙe kala, wanda nan ne yawancin mutane ke yin gaggawa su yi asara. Ga zare giram 100, ki daka bagaruwa giram 30, irin wadda majema ke aiki da ita, ki jiƙa a ruwan zafi ki tace, zaren ya kwana a ciki. Washegari ki matse, ki sa shi a ruwan ɗumi da aka narkar da alam giram 15, ya yi awa 2 ko fiye. Bayan nan ne zai shiga ruwan ɓawon albasa, giram 50 zuwa 100, a wuta kaɗan-kaɗan na awa 1, ana juyawa. Bagaruwa tana ɗan dusashe kalar, don haka in kina son ta fito tas ki rage ta. Ki guji tukunya mai tsatsa: ƙarfe in ya haɗu da bagaruwa, toka-toka ko baƙi za ki kwasa.

TAMBAYA: Na sayi garin shuni da soda (irin ta yin sabulu) da haidiro (farin garin sinadari na masu rini) na rina zaren ɗinkin hula. Ya yi shuɗi, sai dai yana ɓata hannu, yana kuma zuba a wanki.
Maɗinki daga Ƙofar Doka

AMSA: Malam, shunin a bayan zaren ya kwanta, bai shiga ciki ba. Shuni ba ya narkewa a ruwa sai an cire wa ruwan iska. A marina, baba da toka ne ke yin wannan aikin ta hanyar ruɓa cikin kwanaki. A gida haidiro ke yin sa cikin ƙasa da awa ɗaya. A ruwa lita 10 mai zafin da hannu zai iya jurewa, ka narkar da soda giram 20, ka zuba shuni giram 20 da ka riga ka kwaɓa da ɗan ruwa, sannan ka barbaɗa haidiro giram 40. Juya a hankali, ka rufe minti 30.

Duba ruwan kafin ka tsoma komai. Ya kamata ƙasansa ya zama kore mai ɗorawa-ɗorawa, sama kuma da kumfa mai ƙyallin jan ƙarfe. In shuɗi ne har ƙasa, bai nuna ba, ko kuma haidiron ya sha iska a shago ya mutu, abin da ke yawan faruwa. Jiƙa zaren tukuna, ka nutsar da shi minti 3 ba tare da fantsama ba, ka matse, ka baza shi minti 15 har koren ya rikiɗe shuɗi. Mai son ya yi duhu sai ya maimaita sau 5 ko 6, ba wai ya ƙara gari ba. Yawan garin ne ma ke kawo ɓata hannun. A ƙarshe a ɗauraye da ɗan ruwan tsami, a wanke da sabulu.

Sodar nan tana cin fata. Sa safar hannu, yi aikin a tsakar gida nesa da yara, a bokitin roba ba tukunyar dalma ba, kuma soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba.

TAMBAYA: Zoɓo da kurkur fa, suna yi?
Ɗaliba daga Samaru

AMSA: Suna yi, amma ba sa daɗewa, 'yar'uwa. Jan zoɓo yana ganin sabulu sai ya koma toka-toka, kurkur kuma rana ke koɗar da shi. Don gwaji da koyo ba laifi. Abin da za ki sayar kuwa, ki rina da ɓawon albasa ko saiwar rawaya, ki shanya a inuwa.