Tambayi Likita: Idan Tsautsayi Ya Faru A Ɗakin Gwajin Kemistiri

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna firaktikal sai ruwan soda ya fallatsa wa ƙawata a ido. Ta wanke sau biyu ta ce ya daina zafi, ba ta kuma faɗa wa malami ba don tsoron faɗa. Ko akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Akwai matsala, kuma ki sa a kai ta wurin likitan ido yau, kada a jira gobe. Ɗalibai sun fi tsoron asid, alhali a ido soda, wato sodiyom haidiroksaid, ta fi shi ɓarna. Asid idan ya taɓa ido yakan daskarar da naman da ya fara ci, wannan daskararren naman sai ya ɗan tare masa hanya. Ita kuwa soda narkar da nama take yi, ta ci gaba da kutsawa ciki har bayan an share ta. Raguwar zafi ba alamar sauƙi ba ce, don wani lokaci jijiyoyin da ke kai saƙon zafin ne suka ƙone.

Abin da ya kamata a yi tun farko shi ne a tara ido a ƙarƙashin ruwa mai gudu aƙalla minti 20, ana duba agogo, domin mai jin zafi minti biyu ma gani yake kamar awa. Wani ya taya ta buɗe fatar idon da yatsu, tunda ido da kansa yake rufewa. A karkata kai yadda ruwan zai gangara gefen kunne, kada ya bi ta kan lafiyayyen idon. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ya cire shi. Kada kuma wani ya ce tunda soda ce bari a ɗiga asid ya kashe ta: lissafin littafi ke nan, a ido ƙuna biyu za a haɗa. Robert Bunsen, Bajamushen da ake kiran murhun ɗakin gwaji da sunansa, shi kansa fashewar sinadari ce ta raba shi da ganin ido ɗaya. Tabarau na kariya wurinsa a kan ido ne, ba a goshi ba.

Tambaya: Likita, ɗana ya dawo da baƙin tabo a yatsunsa, sabulu ya ƙi fitar da shi. Hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinki, Hajiya. In ba ya zafi, ba ƙuna, ba kumburi, galibi silba naitiret ne, sinadarin azurfa da ke baƙi idan haske ya taɓa shi. Zai tafi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu yayin da fata ke saɓawa. Kada a kankare, kada a sa bilic. Idan tabon rawaya ne, wannan aikin naitirik asid ne, sai a duba ko fatar ta ƙone.

Tambaya: Ina da asma, kuma duk ranar da aka haɗa wani abu mai wari ƙirjina na toshewa. In daina shiga ajin ne?

Amsa: A'a, ba sai ka daina ba. Ka sanar da malaminka, inhelarka ta kasance a aljihu ba a jaka a wani aji ba, ka kuma tsaya kusa da taga. Kulorin da amoniya da hayaƙin salfa duk suna tayar da asma, shi ya sa ake yin irin waɗannan gwaje-gwaje a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi. Ba a kafa hanci a bakin kwalba. Nesa ake riƙe ta a ɗan fifito warin da hannu.

Hayaƙi biyu nake so kowa ya sani, mai asma da marar asma. Na farko mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke tashi idan an zuba naitirik asid a kan jan ƙarfe. Mutum zai shaƙa, ya ɗan yi tari, ya tafi gida lafiya lau, sai cikin dare huhu ya tara ruwa. Duk wanda ya shaƙe shi sosai, numfashi ya fara yi masa wuya ko da bayan awa 24 ne, asibiti kai tsaye. Na biyu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai: idan ya yi yawa yakan kashe jin wari, sai a ɗauka ya tafi alhali yana nan.

Tambaya: Ni sabon malami ne. Ma'aunin zafi ya fashe, zaiba ta watse, na sa aka share da tsintsiya. Na yi daidai?

Amsa: Malam, tsintsiya farfasa ta take yi ƙanana, tururinta ya ƙaru, kuma shaƙar tururin ne ke taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A fitar da ɗalibai, a buɗe tagogi, a sa safar hannu a haska ƙasa da tocila, za ka ga ƙwayoyin suna ƙyalli a tsagar daɓe. A tattara su da kwali a zuba a kwalba mai murfi, tsintsiyar kuma ta tashi daga aiki. Ma'auni ɗaya ba kasafai yake kwantar da mutum ba, sai dai in an bar zaibar a rufaffen ɗaki.

Tunda kai ke riƙe da ajin, bari in ƙara maka. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba, domin zafin da ke fitowa kan tafasa ɗigon ruwan ya watso asid a fuska. Kada kowa ya zuƙi sinadari da baki. Wanda ya haɗiya ya kurkure baki, kada a sa shi amai, don abin da ya ƙona maƙogwaro wajen sauka zai sake ƙona shi wajen fitowa. A tafi asibiti da sunan sinadarin a rubuce. Ƙunar wuta ko ta gilashi mai zafi kuwa, ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara, ba mai, ba man goge baki.