Tashar jirgin ƙasa da ke kan hanyar Yamai zuwa Doso: wa ya gina ta?

Malam, ka tambaya ko ƙaramar tashar jirgin ƙasa da ka gani a rufe a kan hanyar Doso ginin Faransawa ce tun zamanin mulkin mallaka. A nan mutane da yawa suke kuskure, domin Faransawa ba su shimfiɗa layin dogo a Nijar a wancan zamanin ba. Layin da suka ɗauko daga Kwatano ya tsaya ne a Faraku, cikin ƙasar Benin ta yau, a 1936, kuma daga can manyan motoci suka riƙa kwaso kayanmu, aikin da OCBN, hukumar jiragen ƙasa da sufuri ta haɗin gwiwar Benin da Nijar da aka kafa a 1959, ta riƙe a da.

Abin da ka gani sabo ne. Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya fara aikin a 2014, zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, aka kammala kimanin kilomita 140 zuwa Doso a farkon 2016. Sai dai ba a haɗa shi da Faraku ba, saboda shari'ar da kamfanin Petrolin, na wani ɗan kasuwar Benin, ya shigar a Benin kan haƙƙin aikin, ga kuma sukar da aka yi wa ƙunƙuntar layin mai faɗin mita ɗaya. Layin da bai kai teku ba kuwa, ba shi da kayan ɗauka.

Da na bi ta wurin, rairayi ya binne ƙarfen a wurare, awaki suna kwance a inuwar ginin. Wannan ne yake sa a ɗauka tsoho ne.

In rubutu za ka yi, kada ka dogara da hirar tasha kaɗai. Ka nemi tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel, sannan ka tuntuɓi ma'aikatar sufuri a Yamai don takardun yarjejeniyar.