Kafin allurar barci, da me ake sa mutum barci a yi masa tiyata?

Ɗan'uwa, ka tambaya me likitoci ke amfani da shi kafin alluran barci na yau. Amsar ita ce ether, wani ruwa mai kaifin wari da ake shaƙa.

Kafin zuwansa, ƙarti ne ke danne majiyyaci yana ihu, likita na yanka da gaggawa. Wannan kaɗai ya isa a girmama maganin nan.

Tun 1540 Valerius Cordus, Bajamushe, ya haɗa shi daga sinadarin barasa da asid na sulfur, amma sai da aka yi shekara 300 kafin a fara amfani da shi wajen tiyata. A 1842 Dakta Crawford Long na jihar Jojiya a Amurka ya cire wa wani ƙari a wuya da shi, sai dai bai wallafa ba da wuri. Ranar 16 ga Oktoba 1846 William Morton, likitan haƙori, ya shaƙa wa wani majiyyaci mai suna Gilbert Abbott shi a asibitin Massachusetts General da ke Boston, Dakta John Warren ya yi aikin a gaban jama'a. Kafin shekarar ta ƙare an fara amfani da shi a Landan.

Yana tafasa a digiri 34.6 kacal, zafin bazara a Sakkwato ya wuce haka. Shi ya sa da an ɗiga shi a kan ƙyallen da aka rufe hanci da baki, sai ya zama tururi. Kyansa shi ne ba ya saurin danne numfashi. Illarsa kuwa amai bayan farkawa, ga kama wuta: tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, tartsatsi ɗaya ya isa. Wannan ne ya sa halothane, wani maganin sa barci da ake shaƙa wanda ba ya kama wuta, ya fara maye gurbinsa daga 1956.