Shin a-kori-kura tana da mazaunin shokozoba na sama?

Malam, ka tambaya ko ƙarar da kake ji a gaba daga wannan mazaunin take. Ya danganta da ƙirar motar. Hilux ta 2005 zuwa yau tana da shi a gaba: roba ce da ke riƙe shokozoba da naɗaɗɗen sifirin, amma babu boris a ciki, don ba ya juyawa da sitiyari. A ƙafafun baya kuwa sifirin mai falle-falle ne, shokozoba na zaune kan bushi kawai, wato zoben roba da ke wurin ɗaure shi.

Don gane ko daga nan ƙarar take, duba tsagewar roba da yoyon mai daga shokozoba. Ka canza hagu da dama tare, kuma kada a ƙarasa ɗaure notin bushi sai mota ta sauka daga jak, in ba haka ba robar za ta yage da wuri.

Kwance sifirin ɗin gaba kam, bar wa bakanike mai abin matse shi; sifirin yana iya fizgewa ya raunata mutum. Bayan aikin a saita ƙafafu.