Amsa: Shin gilashin VR zai gyara tafiyar ɗana?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara shida yana da lalurar otizim, yana yawan tuntuɓe da tafiya kan yatsun ƙafa, kina tunanin saya masa gilashin VR, wato na'urar da ake sawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin hoton da take nunawa. Allah Ya ba shi lafiya.

Ni dai a ganina kada ki fara da gilashin da ke rufe ido. Tsayuwa daram ta dogara ne da abu uku: gani, cikin kunne, da saƙon da gaɓɓai ke aika wa ƙwaƙwalwa. Idan ido ya ga motsi alhali jiki na tsaye, sai jiri da tashin zuciya su biyo, yaro mai otizim kuma ba lallai ya iya faɗa miki ba. Kamfanin Meta ma bai yarda ɗan ƙasa da shekara 10 ya yi amfani da gilashinsa na VR mai suna Quest ba.

Wanda ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne horon tsayuwa da ake yi a gaban allon talabijin. A Jami'ar Wisconsin-Madison ta Amurka, wata mai bincike, Brittany Travers, ta horar da yara 29 masu otizim, 'yan shekara 7 zuwa 17, na mako 6. Suna tsayawa kan faifan Wii, wani faifan wasan bidiyo mai auna karkatar jiki, suna kallon yadda jikinsu ke karkata a allo, suna gyarawa nan take, kuma tsayuwarsu ta inganta. Sai dai binciken ƙarami ne.

Ki fara kai shi wurin likitan fisiyo ya duba jijiyar dunduniyarsa, don wani lokaci ita ce ta ɗaure. Kafin nan, ki ja layi da alli a tsakar gida ya riƙa bi, kina riƙe da hannunsa.