Kafin ka biya kuɗin tsohon injin sifindil

Ka ce ka samu tsohon injin sifindil na turawa da hannu, wato mai tsayayyiyar sanda da ke juya wuƙa tana fitar da zane da kwarmi a gefen katako, ƙirar Wadkin, an yi masa sabon fenti, mai shi zai haɗa maka da akwati guda na wuƙaƙe da kawunan da ake ɗaura su a jiki kyauta, kana tambaya ko ka biya kafin wani ya riga ka. Da na ce ka ji shi yana aiki? Ka ce a'a, amma ka ga hotonsa a waya. Hoto! Yaro, ɗaya daga cikin injina mafiya cin yatsa a shagon kafinta za ka saya da hoto?

Ba na hana ka sayen tsoho. Ni kaina ban taɓa sayen sabo ba, kuma har yau ban ga wanda ya fitar da gefen ƙofa ya fi nawa tsabta ba. Wadkin tun 1897 suka fara ƙera inji a Lesta ta Ingila, kuma su da Robinson da irinsu ba su yi rowar ƙarfe ba. Teburin zubi ne, gangar jikin zubi ce, sai da abin ɗaga kaya ake motsa shi. Wannan nauyin shi ne ke shanye rawar inji, shi ya sa yankan yake fita sumul. Na yanzu masu jikin falle, ka jingina da su su gusa, ba sa'anninsa ba ne. Amma tsohon inji ya bi hannuwa da yawa kafin ya iso gare ka, kuma ba kowane hannu ne mai tsoron Allah ba.

Kalmar sabon fenti ɗin nan da ka faɗa ita ta tayar mini da abin da na daɗe ina dannewa. Lokacin na samu kwangilar ƙofofi da firam na wani babban gini, aikin da ya fi duk wanda na taɓa riƙewa. Injina ɗaya ba zai kai ni ga wa'adi ba, dole na nemi na biyu. Wani dillali, mutumin da na sha yi wa gyaran kayan gidansa ban karɓi ko sisinsa ba, ya zo ya ce ya samo mini. Muka je rumbun ajiya. Inji yana tsaye kore shar, hannayensa suna sheƙi, har lambar kamfanin an goge ta. Kyan ɗan maciji. Na ce a kunna. Mai shi ya ce ai rumbun ba wuta mai layi uku, amma ga sandar nan, in juya da hannu in ji. Na juya, shiru, ba ƙara ba tsayawa. Dillali ya dafa kafaɗata ya ce shi da idonsa ya ga injin yana aiki kafin a cire shi, idan da matsala a wuyansa. Na biya.

Ranar da muka haɗa masa wuta, da sanyin safiya lafiya lau yake. Na saita, na gwada a guntun katako, ya fita daidai, na sa yara suka shiga turawa. Katakon mai gini ne, mahogani busasshe da ya ajiye ya daɗe, ba irin wanda za ka fita kasuwa ka samo madadinsa ba. Kafin rana ta take sautin injin ya sauya, ya koma gurnani. Na ɗora tafin hannu a kan gidan boris, sai da na janye saboda zafi. Na ɗauko cikin waɗanda aka riga aka tura, na shafa da yatsa: tudu da kwari, tudu da kwari, tun daga farko har ƙarshe. Kwarmin da muka yanka ya fi wuƙar faɗi, domin sandar tana lilo. Ka sa harshen ɗaya katakon a cikin kwarmi sai ya riƙa kwal-kwal. Tulin katako guda ya tashi daga aiki, ba sanfefa ko gam da zai cece shi.

Da muka kwance injin ne na ga abin da aka yi mini. An cika gidan boris da giris mai kauri don ya toshe ƙarar idan an juya da hannu, da ya yi zafi ya narke sai gaskiya ta fito. Sandar ta taɓa lanƙwashewa, wani ya miƙar da ita da matsi. Gidan boris na sama kuwa a tsage yake, an ɗiga masa walda, an shafe da abin cike lamba na masu gyaran jikin mota, aka bi da fenti. Na sa bakin sukudireba na kankare, ga tsagar nan baƙa ƙirin, tsohuwa ce, ba ta jiya ba. Wato wani ya zauna, ya ɗauki lokacinsa, ya ɓoye wannan da gangan, ya san kuma mutum ne zai tsaya a gaban injin da hannunsa kusa da wuƙa.

Mai gini bai saurari bayani ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya cire kuɗin katakonsa, ya kwashe sauran aikin ya ba wani. Mai injin ya ce ai na gani na saya. Dillalin da ya ce a wuyansa ya daina bi ta layin shagona, in mun haɗu sai ya kawar da kai. Asarar kuɗin na mayar da ita da daɗewa. Abin da ban mayar ba shi ne sunan da aka yi ta yawo da shi cewa na lalata wa mutum katako, ni da ba a taɓa mayar mini da aiki ba. Wannan har gobe ban yafe ba.

To ka ji dalilin da ya sa ba na sayen inji a kashe. In babu wuta a wurin, a ɗauko janareto, ko a kai injin inda take. Ya yi gudu aƙalla rabin awa, sannan ka taɓa gidan boris sama da ƙasa. Ɗumi ba laifi, zafin da ba ka iya barin hannu shi ne magana. Boris kansa ba abin tsoro ba ne, yana da lamba a jikinsa, a canza a wuce wurin. Abin da ba ya gyaruwa da arha shi ne sanda da gidan da take zaune. Ka tafi da agogon awo mai maganaɗisu, wanda allurarsa ke nuna lilon sanda, ka kafa shi a kan tebur, ka ɗora bakinsa kusa da saman sandar, ka juya a hankali. Allurar ta ɗan motsa 0.02 ko 0.03 na milimita, babu damuwa. In ta doshi 0.1, ka naɗe kayanka. Wasu tsofaffin sandarsu ta sama cirewa ake yi, tana zaune a cikin mazauni mai tsukewa. Ka cire ta ka duba mazaunin, wani lokaci datti ne kawai ke sa lilo, wani lokaci kuma an dake shi da guduma. Sannan ka juya hannun ɗagawa sama da ƙasa, ka ɗaure makullinsa, ka ga ko sandar tana gusawa yayin da ka ɗaure. Wadda ke gusawa za ta ɓata maka kowane saiti. Duk inda fenti ya yi kauri ko ya yi santsi fiye da maƙwabcinsa, ka manna maganaɗisu a wurin. In bai kama da kyau ba, akwai abin da aka binne.

Ba zan tsaya ina koya maka duba bel da fuli da tsatsa ba, ko ɗora ma'aunin miƙe a kan tebur. In har yanzu sai an faɗa maka wannan, to ban san abin da kake yi a shagona ba.

Akwatin kawunan da ake yi maka kwaɗayi da shi kuwa, na san abin da ke ciki ban gani ba. Kan nan ne mai kusurwa huɗu da ake ɗaure wa wuƙa da noti ta waje, da zobba masu tsagi da ke matse wuƙa biyu a tsakaninsu, ba abin da ke riƙe da su sai matsi. Da su na koyi aiki, kuma na ga abin da suke yi. Ka lissafa da kanka: gudu 6000 a minti juyi 100 ne a daƙiƙa ɗaya. Kai mai faɗin milimita 150 a wannan gudun, bakin wuƙarsa yana tafiyar kusan kilomita 170 a awa. In ta kuɓuce ba a ganinta, sai dai a ga inda ta shiga. Ko ba ta kuɓuce ba, irin wannan kan yana cafkar katako ya ja hannunka tare da shi, ba yanka yake yi ba, ɗebewa yake. Ingila da ta ƙera su ta yi doka a 1998, ta ba masu shaguna zuwa ƙarshen 2003 su koma kan da ke da takunkumi a gaban wuƙa, wanda ba ya barin bakinta ya wuce milimita 1.1 zuwa 3, gwargwadon siffar kan. Shi ya sa tsofaffin suka cika akwatuna ana bayar da su kyauta. Ka karɓi akwatin ka kai wa masu sayen ƙarfe. Ka sayi kan da aka rubuta MAN a jikinsa, shi ne na turawa da hannu. Mai MEC na injin da ke jan katako da kansa ne. A jikin kan nan kuma an rubuta iyakar gudunsa, ba ado ba ne.

Kafin ka sayi kai ko ɗaya, auna kaurin sandar. Tsofaffin na Ingila yawanci inci ɗaya da kwata ne, wato milimita 31.75, na Italiya irin SCM da na Jamus kuma 30 suka fi yawa. Bambancin bai kai milimita 2 ba, a ido ba ka gani, amma na ga yaron da ya zura kan 31.75 a sandar 30 ya ɗaure haka nan. In dole ne, akwai bushin da aka yi don wannan. Ba falle ba, ba takarda ba. Notocinsu ma na inci ne, ka nemi sifanar da ta dace, kada ka cinye musu kai da mai daidaitawa.

Wajen haɗa wuta, waya biyu kawai za a musanya inji ya juya baya. Ka kunna shi babu kai tukuna, ka ga inda ya nufa. Sandar da ke gudu baya tana iya kwance notinta da kanta. Kuma yawancin tsofaffin ba su da birki, ka kashe su su yi ta juyawa shiru, wuƙar ba a ganinta, mutum ya kai hannu zai share dusa. Ƙa'idar yanzu a Ingila ita ce inji ya tsaya cikin daƙiƙa 10. Birkin lantarki ana sa wa tsoho, ka sa kuɗinsa cikin lissafin sayen tun farko, tare da na murfin kariya da abin danne katako, don na tabbata ba za ka same su a jikinsa ba. Su ake fara cirewa a jefar.

Abin da ya fi damuna ma ba injin ba ne, ku ne. Yaran yanzu kuna son inji ya yi muku tunani. Kun kalli bidiyo na minti biyar, shi ke nan kun zama gwanaye. Abu a kunne, waya tana ƙara a aljihu, hannun riga a sake. A zamaninmu sai ka daɗe kana tarar katako ta bayan inji kafin a bar ka ka tsaya a gabansa, kuma a wannan tsayuwar kunnenka yake koyon sautin yanka mai kyau da na wuƙar da ta dakushe. Ku ba ku da wannan haƙurin. Rannan ina kallonka ka sa safar hannu za ka tura katako. Safa a gaban abin da ke juyawa! Zare ɗaya zai kama, sauran hannun ya bi.

Katako yana shiga ne ta fuskar da wuƙa ke tunkararsa, ba ta inda take gudu ba, in ka bi ta za ta fizge shi daga hannunka. Kan ya zauna ƙasa da katako duk inda aikin ya yarda, yadda katakon kansa zai rufe wuƙar. Ka ɗaura allon katako a kan jinginar injin, ka bar wuƙa ta huda shi, abin da za ta yanka kaɗai ya leƙo, ba ka bar rami tsakanin jingina biyu da guntun katako zai faɗa ba. Zane mai zurfi a ci shi sau biyu ko uku. Guntun da bai kai tsawon hannu ba, ba a riƙe shi da yatsu: ko ka yi masa marikin katako, ko ka fitar da zanen a dogo sannan ka yanke. Yankan da ake farawa daga tsakiya, inda ake sauke katako a kan wuƙa tana gudu, nan ne ya fi cin mutane, kuma ba a yinsa sai da tokare mai ƙarfi a baya. In kuɗinka ya kai, abin tura katako mai taya uku ya fi maka kowane kai mai tsada amfani, don yana fitar da aiki iri ɗaya kuma hannunka yana nesa.

Ka koma ka gaya wa mai injin za mu zo, ni da kai. Ya tanadi wuta, kuma kada ya kunna shi kafin mu iso, ina so in same shi da sanyinsa. Ka ɗauko agogon awo na cikin akwatina, da maganaɗisu, da kan nan nawa mai takunkumi, da dogon katako mai tauri guda biyu da za mu tura. In ya fara kawo zancen ai ba wuta, ko wani yana hanya da kuɗi a hannu, ka ce masa ya sayar wa wancan. In kuma injin ya ci jarrabawa ka saya, a shagona zai fara zama, kuma ba za ka kunna shi ba ina waje sai na ga yadda kake ɗaure kai da idona.