Amsar Kaka Kan Zanen Hawan Daushe

Amaryata, saƙonki ya iso, har da hoton zanen da kike yi da fentin ruwa. Wai ko za ki iya sauke wa Sarki amawali a zanen Hawan Daushe don a ga fuskarsa sosai. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Haka ake koya muku a makarantar? Mu dai tun muna yara aka ce mana bakin Sarki ba na kallo ba ne.

Ja da koren dogarai kin yi daidai. Amma 'yan lifidan naki duk sun rame. Lifidi da audugar rimi ake cusa shi, a ɗinke layi-layi, doki da mahayi su cika su batse yadda kibiya ba za ta ratsa ba.

Sallar farko bayan naɗin Sarki Ado Bayero a 1963, ban fi ƙarfin aike ba. Baba baduku ne, kin sani. Daren Hawan Daushe, bayan isha'i, baran wani hakimi ya yi sallama da layun doki da ɗinkinsu ya farke a Hawan Idi. Ni na riƙe fitilar ƙwai, Baba na soka basilla a jar fata, yana jan zare da haƙori. Unguwa ba ta yi barci ba. Can mabuga na dukan kore, wanda ya fito daga marinar Ƙofar Mata, sai ya ɗauki sheƙi; nan maƙeri na gyaran likkafa da linzami. Kiran assalatu ya same mu a zaune. Da yamma a Ƙofar Kudu dokin nan ya fito jahi, ƙura ta tashi, mata na rangaɗa guɗa, maroƙa na wasa hakimi. Baba ya dafa kaina ya ce, "Ranar hawa ta mai doki ce, daren hawa namu ne."

Yanzu fa? Kayan doki haya ake ɗaukowa, rabi roba da ƙyalƙyalin kanti, ku kuma kowa ya ɗaga waya sama, ba mai tambayar wa ya ɗinka jalala. 'Ya'yan dukawa ma sun watse neman wani abin yi.

Ki zo ran Asabar in kai ki Kasuwar Kurmi, ki taɓa sirdi da hannunki kafin ki sake jiƙa burushi. Ki taho mini da goro.